Wane Ne Mai Ƙarfi A Tudun Wada?

Duk wanda ya saba sammako a Tudun Wadan Zariya ya san mutanen da ke riga rana fita. Akwai ɗan ga-ruwa da ke tura kurarsa cike da jarkoki yana ratsa lunguna. Akwai samari 'yan makaranta da kan fito gudu da gajeren wando, su bi titi suna zufa tun ba a buɗe shaguna ba. Akwai tsohuwa mai ƙosai wadda ta kafa kaskonta tun asuba. Can an jima kuma sai ga babban mutum, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda tumbinsa ke riga shi shiga mota.

In aka tambaye mu wane ne mai ƙarfi a cikinsu, yawancinmu ɗan ga-ruwa za mu nuna, kuma muna da hujja. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne. In ya ɗora goma, kilo 250 ke nan yake turawa, ban da nauyin kurar kanta. In kuwa aka ce wane ne mai lafiya, ba za a rasa wanda zai nuna mai tumbi ba, ya ce ai hutu ne ya zauna masa. Amsa ta fari rabin gaskiya ce. Ta biyu kuwa kuskure ce da ta kwantar da mutane da yawa a gadon asibiti.

Abin da muke tarawa wuri ɗaya mu kira shi ƙarfi ba abu guda ba ne. A shekarar 1985 wasu masana lafiyar jama'a uku a Amurka, Caspersen da Powell da Christenson, suka rubuta wata maƙala da har yau malaman motsa jiki ke koyarwa da ita. Sun raba ƙoshin jiki gida biyu. Gida na fari ya shafi lafiya, kuma sassa biyar ne: juriyar zuciya da huhu, ƙarfin tsoka, juriyar tsoka, laushin gaɓoɓi, da kuma yadda kitse da tsoka suka rabu a jiki. Gida na biyu ya shafi gwaninta, sassa shida: gudu, zafin nama, tsayuwa daram ba tangaɗi, jituwar ido da hannu da ƙafa, zabura da ƙarfi farat ɗaya, da saurin farga. Mutum yana iya cika a wani sashi ya zama fanko a wani. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ɗaga buhun masara shi kaɗai, amma in ya hau bene hawa biyu sai ya nemi wurin zama.

Zuciya ce uwar tafiya

A cikin biyar ɗin nan na lafiya, juriyar zuciya da huhu ce kan gaba, gama ita ce ke nuna tsawon lokacin da jiki zai iya aiki ba tare da numfashi ya ƙare ba. Zuciya tsoka ce, tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana. In ana sa ta aiki a kai a kai sai ta ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta bukatar yawan bugawa. Bugun zuciyar babba yana hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, amma na masu gudun dogon zango yakan sauka ƙasa da 60.

An daɗe ana zaton haka kafin a sami shaida. Shaidar ta fito ne daga motocin haya. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi kan ma'aikatan sufurin birnin Landan kimanin 31,000. Bas ɗin can masu bene ne. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka kan matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Wanda ya karanta wannan ba zai rasa tuna 'yan'uwanmu masu tuƙa Keke Napep da bas tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru ba, waɗanda ke zaune daga safe har dare, da teloli a bakin kekensu, da masu shago, da ma'aikatan ofis.

Dattawanmu ba su san wannan matsala ba kamar yadda muka san ta. A dā ɗan Tudun Wada da ƙafa yake shiga birni ta Ƙofar Doka, da ƙafa ko keke yake haye Kubanni zuwa Sabon Gari. Mata suna daka, suna surfe, suna niƙa a dutse, suna jan ruwa a rijiya. Ba wanda ya kira wannan motsa jiki, rayuwa ce kawai. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa, har ta kai mutum yakan hau abin hawa domin tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba. Ba muna cewa a koma wahalar dā ba ne. Wadda ta yi daka har hannunta ya yi kanta ba za ta yi kewarsa ba. Amma abin da aikin yau da kullum ke ba jiki kyauta ya tafi tare da wahalar, ba kuwa abin da ya maye gurbinsa. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, watau mutum wajen biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon bukata, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Mene ne gwargwadon bukata? Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ta ce babba ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa sa'a guda kowace rana. Minti 150 shi ne rabin sa'a sau biyar a mako. Mutum ya fito daga Agoro ya miƙe hanya da sauri minti 15, ya juyo gida, ya biya bashin ranar ke nan. Ma'aunin saurin mai sauƙi ne, 'yan ƙungiyar mawaƙa za su fi kowa gane shi: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, tafiyarka ta kai matsakaici. In waƙa na fita sumul, yawo kake yi. Rawar da matan zumunta ke yi da faretin 'yan Brigade duk suna shiga lissafi, muddin an ɗauki lokaci ana yi har numfashi ya ɗaga.

Sai mu koma kan ɗan ga-ruwa. Mutum zai ce ai shi ya wuce wannan ƙa'ida nesa. A wani fannin haka ne. Amma wani bincike da aka buga a 2021 kan mutane fiye da 100,000 a ƙasar Denmark ya nuna cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya kāre zuciya kamar yadda motsa jiki na lokacin hutu ke yi. Dalilin da masana ke bayarwa shi ne aikin lebura ɗaukar nauyi ne na sa'o'i da yawa ba isasshen hutu, yana riƙe bugun zuciya da ƙarfin jini a sama yini guda. Saboda haka kada manomi ko birkila ko ɗan dako ya ce shi hawan jini ba nasa ba ne. Ya je a auna shi kamar kowa. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, magana ta zama ta likita.

Tsoka da gaɓoɓi

Ƙarfin tsoka da juriyarta 'yan gida ɗaya ne amma ba ɗaya suke ba. Wanda ya ɗaga buhun siminti mai kilo 50 ya aza a kai ya nuna ƙarfi. Wadda ta yini tana yanke dawa a gona, ko ta goya yaro daga kasuwa har gida, ta nuna juriya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsoka tana zaizayewa da shekaru. Daga wajen shekara 30 mutumin da ba ya aiki da ita yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Ba a jin zafinsa. Wata rana ce kawai Baba zai ga sai ya dafa gwiwa kafin ya tashi daga benci, wata shekara kuma sai an miƙa masa hannu.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015, kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya auna ƙarfin damƙar hannu. Aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Ba damƙar ce ke riƙe rai ba, alama ce ta halin da sauran jiki ke ciki. Tsoka kuma ita ce babbar ma'ajiyar sukarin da ke cikin jini, shi ya sa mai ciwon sukari ke amfana ƙwarai in ya ƙarfafa ta.

Ƙa'ida ta ce a ba tsoka aiki aƙalla kwana biyu a mako, ba kuwa sai an sayi ƙarafa ba. Kujera ta isa. A jingina ta da bango, a zauna, a harɗe hannu a ƙirji, a tashi a zauna iyakar iyawa cikin daƙiƙa 30. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka ya ce namiji ɗan shekara 60 zuwa 64 da ya kasa yin 14, ko mace da ta kasa yin 12, ƙafafunsu sun fara rauni. Gwajin kansa shi ne maganin, in ana maimaita shi.

Laushin gaɓoɓi ba ya bukatar dogon bayani. Iyayenmu mata da ke miƙe ƙafa a tabarma suna tsince shinkafa, ko su sunkuya da gajeriyar tsintsiya su share tsakar gida, sun fi 'ya'yansu masu zaman kujera laushin jiki nesa ba kusa ba. Gaɓar da aka daina lanƙwasawa takan ƙage. A miƙe jiki a hankali bayan an yi tafiya jiki ya yi ɗumi, a riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ban da fizga.

Maganar tumbi

Sashi na biyar shi ne wanda ya fi wuyar faɗa a cikin jama'a, gama ya taɓa abin da muke ɗauka ado. A wurinmu in amarya ta yi ƙiba sai a yaba wa ango, in mutum ya sami ƙarin girma a wurin aiki ana sa ran a gani a wuyansa da cikinsa. Wanda ya rage jiki kuwa sai a bi shi da tambaya, ko lafiya? Akwai dalili, domin mun fito daga zamanin da rama ke nufin yunwa ko ciwo. Amma kitsen da ke taruwa a ciki ba kamar na cinya ko damtse ba ne. Yana kewaye hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, yana tafe da hawan jini, hawan jini kuma shi ne babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki. Duk ikkilisiyar da ke da masu ziyarar marasa lafiya ta san gidajen da wannan ciwo ya shiga: mai gida kwance, aiki ya tsaya, kuɗin makarantar yara ya koma kuɗin magani da na mota zuwa asibitin koyarwa a Shika.

A asibiti sukan haɗa nauyi da tsawo su fitar da lamba. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake ɗauka ciwo. Amma sikeli ba ya bambanta tsoka da kitse. Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi, wanda hukumar da ke tsara ƙa'idodin jiyya a Ingila ta ba da shawararsa a 2022: kada faɗin kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka. Ka sami igiya, ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka wajen cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, igiya ta faɗa maka abin da abokai ke jin nauyin faɗa.

A nan tilas a faɗi gaskiya, tafiya kaɗai ba ta sauke tumbi in baki bai taimaka ba. Kwalbar lemo mai zaƙi ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, abin da zai iya mayar da kusan duk abin da tafiyar rabin sa'a ta ƙone. Masu shirya abincin biki da na taro su yi tunani a kan wannan sa'ad da suke jera kwalabe biyu biyu a gaban dattawa don girmamawa.

Shida na gwaninta

Zariya ba baƙuwa ba ce a fagen gwaninta. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, sa'ad da yake ɗalibi a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yau ake kira Barewa, a farkon shekarun 1950, shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makaranta, yana tsalle da sanda, yana gudun dogon zango, yana kuma shugabantar 'yan damben zamani. In ka duba, kowane wasa da abin da yake nema: tsaron gida saurin farga, tsalle da sanda zabura da jituwar gaɓoɓi, dambe zafin nama, gudun mil kuwa zuciya da huhu. Masai Ujiri, wanda ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin ƙwallon kwando na Amurka a ƙarƙashin shugabancinsa a 2019, a filayen Zariya ya fara jefa ƙwallo a kwando yana ɗan shekara 13. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 mun ga gudu a ƙafar Tijjani Babangida ɗan Kaduna, mun ga zabura a tsallen mita 7.12 da ya ba Chioma Ajunwa zinariya.

Tun kafin a zo da waɗannan wasanni muna da namu makarantun. Yaron da ke langa, ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya yana ture abokin hamayya, darasin tsayuwa daram yake ɗauka. Yarinyar da ke carafke tana horar da ido da hannu. Matan da ke lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya ba mai karo da wata, har a cilla ta sama a tafa a cafe, sun kai ƙarshen jituwar gaɓoɓi. Abin baƙin ciki, filayen da yara ke wasa a unguwa gine-gine suna cinye su, abin da ya rage kuma waya ta ɗauke. Makarantar da ta mai da lokacin wasanni lokacin ƙarin darasi ba gata ta yi wa yara ba, gama ƙuruciya ce lokacin da jiki ya fi saurin koyon waɗannan abubuwa.

Galibi akan ce waɗannan shida na 'yan wasa ne, mutumin gari ba ruwansa da su. Game da gudu ana iya yarda. Ba wanda zai tambayi mai shekara 50 ya kamo Usain Bolt da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Amma a ganina rabon nan na gida biyu yana ruɗin mutane a wuri ɗaya. Saurin farga ba na fili ba ne kaɗai. Abin hawa da ke gudun kilomita 60 a sa'a yana cin mita 16 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, saboda haka jinkirin daƙiƙa guda kafin a taka birki ya isa ya raba yaron da ya tsallaka titi da wanda bai tsallaka ba. Rashin barci da giya da ƙwayoyi duk suna rage wannan sauri.

Tsayuwa daram kuwa, in tsufa ya zo, takan tashi daga gidan gwaninta ta koma gidan lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin raunukan da ba na ganganci ba, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Mun san yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Kaka ta fita bayan gida da dare ba wuta, ko ta taka gansakuka a bakin rijiya da damina, ko ta zo tsallake lambatu, ƙashin ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambon baya da ciwon huhu, tsohuwar da ke zuwa sujada da ƙafarta ba ta ƙara fita ba. Abin da ke ceton mutum in ya yi tuntuɓe abu uku ne a haɗe: ya farga da wuri, ƙafa ta zabura ta tare, jiki ya daidaita. Duka ukun daga cikin shidan nan suke.

Wasu likitoci a Brazil sun buga bincike a 2022 kan mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75. Sun sa kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ya kasa, kuma a shekarun da suka biyo baya haɗarin mutuwar waɗanda suka kasa ya ɗara na sauran da kashi 84 cikin 100. Wannan ma alama ce, ba hukunci ba, kuma abu ne da ke gyaruwa. Shi ya sa ƙa'idar 2020 ta ƙara wa masu shekara 65 zuwa sama abu ɗaya: atisayen daidaita jiki da ƙarfafa ƙafafu aƙalla kwana uku a mako. Mama ta tsaya kusa da bango ko ta dafa bayan kujera, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ƙirga goma, ta sauya. Ta yi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Jikoki su tsaya kusa, su yi tare da ita. Mu kuma mu rage hana tsofaffi motsi da sunan ladabi. Duk lokacin da muka ce "Baba zauna, bari in ɗauko maka," alheri muka nufa, amma in ya zama kullum, ƙafafunsa muke karɓewa.

Kafin a fara

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa mako mako. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, a fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a sha ruwa sosai. Masu ciwon sikila su fi kowa kiyaye wannan, kada su kai kansu ga galabaita. Da hunturu mai asma ya guji safiyar da ƙura ta yi kauri. Mai ciwon sukari ya sa takalmin da ya rufe ƙafa, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo, kada kuma ya fita da yunwa bayan ya sha magani ko ya yi allura. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi sa'ad da yake ɗaga abu mai nauyi, kada kuma ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya. Likita ne kaɗai zai rage masa. Mace mai ciki da ba ta da wata matsala tana iya tafiyarta, amma ta faɗa a wurin awo.

Wanda kuwa yana cikin tafiya ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko zafi na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri ya ɗebe shi, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya huta, ya tsaya nan take. A kai shi asibiti a ranar, kada a ce bari a ga yadda zai kwana.